Likitancin da Ake Koya da Yatsu

A Amurka ƙofa biyu ake bi a zama cikakken likita. Wanda ya bi ta farko zai fito da haruffan MD a bayan sunansa, wanda ya bi ta biyu ya fito da DO, wato likitan ostiyofati. Dukansu suna rubuta magani, suna tiyata, suna karɓar haihuwa, lasisinsu kuma ƙarfinsa ɗaya a jihohi 50 na ƙasar. Ni ta biyun na bi, daga 2016 zuwa 2020, a wata makaranta mai zaman kanta da ke wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, inda gonakin masara da waken soya suka kewaye mu ta ko'ina. A yau sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka a irin waɗannan makarantu suke. Amma a unguwarmu ta Bronx, inda muka sauka daga Katsina ina yarinya, ban san wanda ya taɓa jin labarinsu ba.

Likita nake son zama, ban damu da haruffan ba. Na yi digirin farko a ilimin halittu a New York, na zauna jarrabawar MCAT da ake yi wa duk mai neman gurbi, na aika takardu makarantun MD da na DO. Ta DO ce ta kira ni ganawa, ita ce kuma ta ɗauke ni. Haka labarin yawancin 'yan ajinmu yake, ko da yake akwai waɗanda iyayensu da kakanninsu DO ne, sun tashi suna ganin gadon duba marasa lafiya a falon gidansu. Su kam da niyya suka zo.

Da na kai wa Baba takardar, ya karanta ta a tsanake, sannan ya buga wa wani amininsa da ke zaune a Landan. Aminin ya ce ai ya san su, masu murza baya ne, ba likitoci ba. Kuma a can gaskiya ya faɗa. Wani almajirin wanda ya kafa fannin, John Martin Littlejohn, shi ya kai shi Landan ya buɗe makaranta a 1917, sai reshen Ingila ya tsaya a aikin hannu zalla. Har gobe masu ostiyofati na can hukumarsu daban ce, ba sa rubuta magani, ba sa shiga ɗakin tiyata. Na Amurka ne ya bi wata hanyar.

"Mamana," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "shekara huɗu da wannan uban kuɗi, a ƙarshe a ce tausa kika koyo?"

"Baba, cikakkiyar likita ce in sha Allahu. Aikin hannun ƙari ne a kai."

Bai ce komai ba. Sai da ya je karɓar maganin hawan jininsa ya duba katin da ke maƙale a rigar likitar da ta daɗe tana ganinsa, ya ga DO. Da ya dawo ya sa albarka. Saura kuɗi, wanda ya haura dala 50,000 a shekara, ga shi Baba ya ce bashin ruwa ba zai shigo masa gida ba. Allah ya kawo mafita ta wani shirin gwamnatin tarayya, National Health Service Corps, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na ci, kai kuma in ka gama ka biya da aiki a wuraren da likitoci suka yi ƙaranci, shekara ɗaya a madadin kowace shekara da aka biya maka.

Shekaru biyun farko karatun aji ne, irin wanda kowane ɗalibin likita ya sani: ginin jiki, aikin gaɓoɓi, ƙwayoyin cuta, magunguna. Littattafanmu da na 'yan MD ɗaya ne. Ɗakin gawa ne ya fara girgiza ni. Umma tana cikin matan da ake kira wankan gawa a masallacinmu, kuma tun ina budurwa ta koya mini ladubbansa: ba a buɗe wuri sai wanda ake wankewa, ba a ɗaga murya, abin da ido ya gani ba ya fita waje. Da wannan tarbiyyar na tsaya a kan wata tsohuwa da ta ba da jikinta kyauta tun tana raye, da wuƙar fiɗa a hannuna. Shekarunta da sanadin mutuwarta kaɗai aka gaya mana. Na riƙa jan mayafi ina rufe duk inda ba mu aiki a kai, har abokan teburina suka saba, su ma suka riƙa yi. Warin maganin adana gawa kuwa, sai da na ware hijabi na musamman don wannan ɗakin. Ƙashin bayan matar nan ya lanƙwashe, gefunan gaɓoɓinsa sun yi tsiro sun manne da juna, an kuma sauya mata kan ƙashin cinya da na ƙarfe. Duk wanda ya ga wannan ya san ta sha ciwo shekara da shekaru. A ƙarshen zango aka gayyato iyalan waɗanda suka ba da jikinsu, muka yi musu godiya ido da ido.

Da safe muna wurin matattu, da yamma kuma sai mu koma wurin masu rai, wato junanmu. A nan ne muka bambanta da sauran makarantu. Ana ƙara mana kimanin sa'o'i 200 na koyon bincike da magani da hannu, kuma ba a littafi ake koyonsa ba. Zaure ne babba cike da gadaje masu ɗagawa da saukewa, malami yana kan dandamali a tsakiya, kyamara na haska hannunsa a talabijin ɗin da aka rataye a bango. Ɗalibai biyu a kowane gado, ɗaya likita ɗaya majiyyaci, in an jima a juya. Ana sauya abokin aiki a kai a kai, don hannu ya san mai ƙiba da siriri, mace da namiji.

Shigar wannan darasi gajeren wando ne, mata kuma da 'yar rigar wasanni da ke barin baya a buɗe. An rubuta wannan a takardun shiga, kuma ya hana ni barci tun kafin in tafi. Na je wa wani malaminmu na unguwa da maganar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce neman ilimin da al'umma ke buƙata lalura ce, amma lalura gwargwadonta ake ɗauka, kada in ƙara, kada kuma in fasa karatun. Da wannan na je ofishin shugabar sashen. Ba ni ce ta farko da ta zo mata da batun ba. Muka daidaita: dogon wando mara kauri, riga mai buɗewa ta baya, kaina a rufe, in darasi ya zo kan ƙugu da ƙirji kuma a haɗa ni da mace a bayan labule. Ni kuwa zan duba maza, tun da majiyyaci ba zaɓarsa ake yi ba. Ba a yi mini gori ba, ni ma ban nemi fiye da haka ba.

Darasin farko da silin gashi aka yi shi. Kowa ya tsinko ɗaya ya ajiye a kan tebur, ya rufe da shafin takarda, ya rufe ido ya lalubo shi da kan yatsa. In ka samu sai a ƙara shafi, a ƙara wani. Daga nan aka koma fata: ɗumi, danshi, santsi, sannan abin da ke ƙarƙashinta, kitse, tsoka, har ƙashi. Abu huɗu ake nema a kowane wuri: ko naman ya canza, ya yi tauri ko ya kumbura, ko dama da hagu sun saɓa, ko motsi ya taƙaita, ko wurin na zafi in an taɓa. Gaɓoɓin wuya 7, na ƙirji 12, na kwankwaso 5, kowace da 'yan fikafikan ƙashi biyu a gefe, sai ka ɗora manyan yatsunka a kansu ka ji ko ɗaya ya fi ɗaya nutsewa.

Makonni na yi ban ji komai ba sai nama. Ranar da abin ya buɗe mini, abokiyar aikina wata 'yar makiyayan shanun madara ce wadda doki ya taɓa kayar da ita. Ta kwanta rigingine, na shimfiɗa yatsuna a kan haƙarƙarinta dama da hagu, tana numfashi. Wata babbar ɗaliba daga cikin masu taya malamai koyarwa ta zo ta ɗora hannunta a kan nawa. Ta ce, "Sassauta. Ƙarfin da kike sawa shi ke toshe abin da kike son ji." Na sassauta har na ji kamar ban taɓa ta ba. Sai ga shi: duk haƙarƙarin suna tashi tare in ta ja numfashi, ban da ɗaya a dama, wanda ke makara, ya ɗan motsa ya tsaya. Na ce, "Nan." Yarinyar ta ce nan ne ya karye, tun tana sakandare. Ban ga hoto ba, ba ta gaya mini ba. Na koma ɗaki a ranar ina ta duban hannuna.

Dabarun maganin iri-iri ne. Akwai wadda za ka kai gaɓa iyakar inda take tsayawa, ka ce majiyyaci ya tura hannunka a hankali na 'yan daƙiƙu, ya saki, sai ka ga gaɓar ta ƙara gaba. Akwai wadda wani likita, Lawrence Jones, ya gano a shekarun 1950: ka samo wurin da ke zafi, ka lanƙwasa jikin zuwa inda zafin ya lafa, ka riƙe daƙiƙa 90, sannan ka mayar a hankali ba tare da majiyyacin ya taimaka ba. Akwai kuma wadda kowa ya sani, ta fizga mai sa gaɓa ta yi ƙas. Ƙarar nan ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa. Kafin a bar mu mu yi wa wani, sai da muka haddace waɗanda ba a yi wa: mai zaizayar ƙashi, mai amosanin gaɓɓai da ya ci wuya, wanda sankara ta kai ƙashinsa, mai matsalar jijiyar jinin da ke bi ta cikin ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa.

Amma darasin da ya fi zama mini ba ya cikin jarrabawa. Shekara biyu ina kwanciya rubda-ciki, wani ɗan koyo na lalube a bayana. Na san yadda hannu mai sanyi yake in ya sauka ba sallama. Na san yadda jiki ke ɗaurewa in an riƙe maka wuya ba a gaya maka abin da za a yi ba, da yadda yake saki in an ce, "Zan ɗora hannuna a nan, in kin ji zafi ki faɗa." Na san kunyar a tsaya a kanka ana maganarka kamar ba ka nan. Ɗalibin likita yakan iso asibiti bai taɓa zama a ƙasan hannun kowa ba. Mu kam mun iso mun riga mun ɗanɗana, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin a riƙe darasin.

Ba duk abin da aka koya mana na karɓa ba. Akwai wani reshe da William Garner Sutherland ya ƙirƙiro, mai cewa ƙasusuwan ƙoƙon kai suna wani ɗan motsi a jere wanda hannu zai iya ji ya kuma gyara. Na tallabi kawunan 'yan ajinmu a cikin shiru, ban ji abin da zan iya rantsewa a kai ba, kuma binciken da aka yi ya nuna ƙwararru biyu kan riƙe kai ɗaya su ƙirga abu daban. Haka wasu ɗigo-ɗigo a jiki da aka ce kowane na nuna ciwon wata gaɓar ciki. Mun haddace su don suna fitowa a jarrabawa. Malamanmu ma sun rabu a kai, wasu sun yi imani, wasu sukan ce mana ku riƙe abin da hujja ta tsaya masa. Ciwon baya kam hujja ta tsaya masa daidai gwargwado. Wani gwaji da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin hannu sun samu sauƙi daidai da sauran, da ƙarancin shan magani, wani kuma na 2013 a kan mutum 455 masu daɗaɗɗen ciwon baya ya nuna amfani a fili. Ina ganin fannin zai fi daraja ranar da ya sauke abin da ya kasa tabbatarwa.

A shekara ta biyu ƙungiyar ɗalibai ta shirya tafiya Kirksville a jihar Missouri, inda abin ya samo asali. Ƙaramin gari ne. A cikin ginin jami'ar da ke can an ajiye bukkar katako da aka haifi Andrew Taylor Still, wanda ya kafa fannin, a cikinta a Virginia a 1828, kusa da ita kuma ga ɗan ginin da ya buɗe makarantar farko a 1892, wanda bai fi shago girma ba. Da mata a ajin farko, a zamanin da makarantun likita da yawa ba sa ɗaukarsu. Akwai kuma jijiyoyin jikin mutum sukutum, daga ƙwaƙwalwa har yatsu, waɗanda ɗalibai biyu suka zare ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1920 aka shimfiɗa a kan allo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 1864. Still likita ne ɗan likita, ya yi aikin soja a yaƙin basasar Amurka, ya dawo gida Kansas, sai sanƙarau ya shigo ya ɗauke masa 'ya'ya uku a ɗan lokaci kaɗan, likitoci na tsaye. Duk wanda ya tashi a Katsina ya san abin da sanƙarau ke yi wa gida in zafi ya shigo. Maganin wancan zamani kuwa zubar da jini ne da haɗin zaiba da giya da ƙwayar sa maye, waɗanda sau da yawa sun fi cutar illa. Mutumin ya yanke ƙauna da su, ya koma nazarin ƙashi da tsoka, ya bayyana tafarkinsa a 1874: jiki abu ɗaya ne, gininsa da aikinsa a haɗe suke, kuma yana da ikon gyara kansa in an kawar masa da cikas. Ya wuce gona da iri da ya ɗauka kusan kowace cuta daga gocewar ƙashi take, kuma magadansa sun bar wannan, suka karɓi magunguna da rigakafi da tiyata. Amma ban iya ganin laifin uban da ya binne 'ya'ya uku ya ce dole akwai wata hanya ba.

Kafin ya kafa makaranta, Still ya yi yawo gari-gari yana tallar kansa a matsayin mai gyaran ƙashi. Da na karanta wannan a bango sai na tuna maɗorin unguwarmu ta Katsina, ranar da yayana ya faɗo daga katanga. Tsohon ya bi hannun da yatsa, ido a lumshe, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, kuma hannun ya warke sarai. Na kuma san yaron da aka matse wa ɗori har jini ya daina zuwa, aka ƙare da yanke hannu a asibiti. Hannun tsohon nan gwani ne. Abin da ba shi da shi shi ne hoton ƙashi, da wanda zai koya masa inda ya kamata ya tsaya.

Jarrabawar lasisi ta farko ta zo mana a bazarar 2018, shirinta kuma ya faɗo cikin azumi, wanda ya kama daga tsakiyar Mayu. Rana doguwa, azumi ya haura sa'a 16, masallaci mafi kusa tafiyar mota ce mai nisa. Mu 'yan tsirarun Musulmi, 'ya'yan Pakistan da Somaliya da Masar da ni, mukan sha ruwa a wani ɗaki na laburare da dabino da abin da kowa ya dafo, mu yi jam'i a tsakanin kujeru, mu koma kan tambayoyi har sahur. Tamu jarrabawar sunanta COMLEX, a lokacin tambaya 400 ce cikin sa'a 8. Da yawanmu mun ƙara da USMLE, ta 'yan MD, don masu ɗaukar likitoci horo sun fi sanin makinta. Kuɗi biyu, wahala biyu, a kan ilimi kusan ɗaya. Bayan salla na yi duka biyun.

Shekara ta uku aka watsa mu asibitoci. Tiyata, yara, haihuwa, taɓin hankali, duk na zaga. Wanda ya fi tsaya mini shi ne wani ƙauye inda aka tura ni wurin wani dattijon likita da ya haura saba'in, shi kaɗai ne likita a yankin. Ya karɓi haihuwar rabin waɗanda ke zuwa wurinsa. A mota, in za mu gidan tsofaffi, yakan ba ni labarin zamanin da ake hana 'yan DO aiki a manyan asibitoci, har suka riƙa gina nasu. Shi ya ba ni labarin Kalifoniya a 1962, inda aka ce duk DO da ya biya dala 65 za a sauya masa takarda zuwa MD, kusan mutum 2,000 suka karɓa, makarantarsu ta Los Angeles ta koma ta MD, aka kuma daina ba sababbi lasisi har sai da kotun ƙolin jihar ta rushe dokar a 1974. Ya ce yana matashin likita Mississippi ta zama jiha ta ƙarshe da ta ba su cikakken izini, a 1973. Ba da ɗaci yake faɗa ba, amma yana so in sani.

Lokacin annobar ƙwayoyin kashe zafi na ci kamar wutar daji. A 2017 kaɗai sama da mutum 70,000 suka mutu a Amurka ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima, akasarinsu irin waɗannan, kuma da yawa da ciwon baya suka fara. Wani manomi ya shigo a duƙe, ya ɗaga buhun abincin dabbobi bayansa ya riƙe, ya ce a rubuta masa irin wadda maƙwabcinsa ke sha. Dattijon ya duba ƙarfin ƙafafunsa da jijiyoyinsa, ya tambaye shi fitsari da bayan gida, sannan ya kwantar da shi ya ce in laluba. Na samu wurin a gaba, can cikin mara ta dama, kan tsokar da ke haɗa ƙashin baya da cinya. Mutumin ya zabura. Na naɗe masa gwiwoyi zuwa ciki, na ɗora ƙafafunsa a kan cinyata, na ɗan karkata su har ya ce zafin ya tafi, na riƙe ina kallon agogon bango. Da ya sauko bai warke ba, amma ya miƙe tsaye ya ɗaura takalminsa da kansa. Ya tafi da maganin zafi na yau da kullum da motsa jiki guda biyu.

A makon ne kuma wata mata ta zo da kanta tana neman a fizga mata baya ya yi ƙas, ta ce an taɓa yi mata ta ji daɗi. Dattijon ya bi ƙashin bayanta yana ƙwanƙwasawa da gefen hannu, a kan gaɓa ɗaya ta yi ƙara. Ya tambaye ta ko ciwon na tashinta da dare. Ta ce da dare ma ya fi. Ya duba fayil, an yi mata aikin sankarar mama shekarun baya. Ya janye hannunsa, ya zauna ya fuskance ta, ya ce yau ba zai taɓa bayan nan ba, hoto za a yi, kuma yau ɗin nan. Sankarar ce ta dawo ta kama ƙashi. Da an fizgi wannan gaɓa, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Da muka fito ya ce mini, "Likita, tsoka ba ta ƙara in an ƙwanƙwasa ƙashi. Ki riƙe wannan." Shi ne mutum na farko da ya kira ni likita.

Ajinmu na 2020 shi ne na farko da ya nemi gurbin horon ƙwarewa a tsari ɗaya da 'yan MD, bayan an haɗe tsare-tsaren biyu. Sakamakon ya fito a Maris, daidai lokacin da korona ta rufe ƙasar. Ba taro, ba ambulan ɗin sakamako, a waya na ga an ba ni likitancin iyali a New York. Bikin kammalawa ma ta intanet aka yi, Baba da Umma suna zaune a falo da kayan salla. A Yuli na fara aiki cikin takunkumi da safar hannu biyu. Da cutar ta sake tashi da sanyi, mukan taru mu juya masu numfashi da na'ura rubda-ciki don huhunsu ya buɗe, kuma sau da yawa ni nake gyara musu kafaɗa da wuya bayan an juya su, don na san inda jijiya ke matsewa in an bar hannu a karkace sa'o'i.

Fiye da rabin likitocin DO ba sa amfani da aikin hannu bayan sun gama, ko kuma jefi-jefi suke yi. Ban ga laifinsu ba, mai tiyatar ido ba ya buƙatarsa, kuma minti 15 da ake ba mu da majiyyaci ba ya isa komai. Ni dai yanzu ina wani asibitin unguwa a Bronx ina biyan shekarun da na yi alkawari, kuma na roƙa aka ware mini yammacin rana ɗaya a mako don wannan aiki. Masu zuwa direbobin tasi ne da kwankwasonsu ya sandare, da matanmu na Gana da Nijar da Najeriya masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, waɗanda ke ɗaga mutum daga gado zuwa kujera tun safe har dare. Da yawansu ba su taɓa yarda wani likita ya buɗe musu baya ba.

Kwanan baya wata dattijuwa 'yar Kumasi ta zo da kafaɗa, ba ta iya ɗaura ɗankwali. Tun daga ƙofa ta ce, "'Yata, allura za ki yi mini, ni ban zo wasa ba."

Na ce, "Hajiya, ki bar ni in duba tukuna. Zan ɗora hannuna a nan, in kin ji zafi ki faɗa."

Kafaɗar ta daskare ne, ga kuma sukarinta ya hau, wanda shi ke jawo irin wannan sau da yawa. Na motsa mata gaɓar iya inda ta yarda, na nuna mata yadda za ta riƙa hawa bango da yatsu safe da yamma, na gyara mata maganin sukari. Na gaya mata gaskiya cewa abin zai ɗauki watanni, kuma in bai sassauta ba allurar ma za mu yi, amma sai sukarin ya sauka, don allurar na ƙara tayar da shi. Ta ce ta ji. Na rubuta mata ta dawo bayan mako uku, ta zo da mitar sukarinta.